Tana tsayawa cak idan an yi mata magana tana tafiya: yadda ake horar da tsofaffi haɗa tafiya da wani aiki

Tambaya: Mahaifiyata tana da shekara 74, tana tafiya da ƙafarta babu sanda. Na lura duk lokacin da aka yi mata magana tana cikin tafiya sai ta tsaya cak kafin ta amsa. A bana ta faɗi sau biyu, ɗaya tana amsa waya, ɗaya kuma ta waiwaya za ta amsa kira da kaya a hannunta. Akwai horon da za a yi mata, ko kuwa a hana ta haɗa tafiya da komai?

Amsa: Allah ya ƙara wa Mama lafiya, 'yar'uwa. Akwai horon, kuma yana amfani idan an bi shi daki-daki. Hanawa kuwa ba za ta kai ku ko'ina ba, domin babu mai tafiya kansa wayam. Ko baki a rufe, ido na neman hanya, kunne na saurare, zuciya na lissafin abin da aka fito yi. Abin da za a koya mata shi ne raba hankali tsakanin ƙafa da aiki na biyu, da sanin lokacin da za ta saki aikin ta kama ƙafa.

Wannan tsayawa da kika lura da ita sananniyar alama ce. A 1997 masu bincike a ƙasar Suwidin sun bibiyi tsofaffi 58 a gidan kula da tsofaffi. Mutum 12 daga cikinsu sukan tsaya da zarar an fara musu hira suna tafiya, kuma 10 cikin waɗannan 12 sun faɗi a cikin wata shida. Dalilin shi ne, ga matashi tafiya kusan da kanta take gudana, ƙwaƙwalwa ba ta kashe mata hankali mai yawa. Idan shekaru suka ja, gani ya ragu, jin tafin ƙafa ya dushe, na'urar daidaito da ke cikin kunne ta yi rauni, cinya ta rasa ƙarfi, sai sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda aikinsa tsari da yanke shawara, ya shigo ya taya. To shi ɗin ne kuma ake buƙata wajen amsa tambaya ko tuna lambar waya. Aiki biyu sun taru a kan ma'aikaci ɗaya, dole ɗaya ya sha kashi. Idan tafiyar ce ta sha kashi, taku yakan gajarta, tazararsa ta daina daidaita, ƙafa ta riƙa sharar ƙasa. Ko a lafiyayyen mutum, tsakanin yatsun ƙafa da ƙasa a tsakiyar taku bai wuce santimita 1 zuwa 2 ba, saboda haka raguwa kaɗan ta isa bakin darduma ya kama ƙafa.

Kada ku hana ta tsayawar nan ko ku yi mata faɗa a kanta. Jikinta ne ya zaɓi kare kansa, kuma zaɓin daidai ne. Wanda ya fi ba da tsoro shi ne tsohon da ke ci gaba da zuba hira yana tangaɗi bai ma sani ba.

Kafin a fara kowane horo, sai likita ya gan ta. Ƙa'idojin kare tsofaffi daga faɗuwa da ƙwararru na ƙasashe da dama suka fitar a 2022 sun sa duk wanda ya faɗi sau biyu ko fiye a shekara guda cikin rukunin masu babban haɗari, waɗanda ake yi wa cikakken bincike. A auna jininta tana kwance, a sake aunawa bayan ta miƙe tsaye. Idan lambar sama ta sauka da 20 ko ta ƙasa da 10 cikin minti uku, jinin na faɗuwa ne idan ta tashi, kuma babu atisayen da zai gyara wannan. A tattara duk magungunan da take sha a kai wa likita, musamman na barci da na kwantar da hankali irin su diazepam, da na damuwa, da masu sa yawan fitsari. Kada ku dakatar da ko ɗaya da kanku. A duba ido, a duba tafin ƙafa idan tana da ciwon suga, a tambaye ta ko ta suma ne ko jiri ya ɗebe ta kafin ta faɗi. A duba kunne ma. Mutane kan manta da shi, alhali mai ƙarancin ji yana kashe hankali mai yawa wajen kamo magana, kuma daga kason ƙafa ake cire wannan hankalin.

Daga nan sai awo, don ku san inda kuka faro. Ki samo kujera mai ƙwari mai hannu, tsayin mazauninta kamar santimita 45, ki ja layi a ƙasa mita 3 daga gabanta. Mama ta zauna ta jingina. Da kin ce "tafi" sai ki danna agogon waya: ta tashi, ta je layin da tafiyarta ta yau da kullum, ta juyo, ta dawo ta zauna, ki tsayar da agogo. Wannan gwaji ne da likitocin fisiyo, wato masu gyaran motsin jiki ta hanyar atisaye da gashi, ke amfani da shi tun 1991. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ɗaukar daƙiƙa 12 ko fiye a matsayin alamar haɗari. A yi na gwaji sau ɗaya, sannan a rubuta na gaske. Bayan ta huta a maimaita tana ƙirga baya uku-uku da ƙarfi daga wata lamba, misali 50, 47, 44. A karo na uku ta yi shi da kofi cike da ruwa a hannu.

Yanzu ki cire lokacin farko (na tafiya zalla) daga na biyu (na tafiya da ƙirga), ki raba da na farko, ki ninka sau 100. Idan ta yi daƙiƙa 11 ita kaɗai, ta yi 15 da ƙirga, bambancin 4 ne. 4 a raba da 11 a ninka sau 100 ya ba da kashi 36 cikin 100. Wannan shi ne harajin da aiki na biyu ke karɓa daga tafiyarta. Kowa na biyan kaɗan, amma idan ya haura kashi 20 ana ɗaukarsa da muhimmanci. Ki rubuta kuma lambobi nawa ta ƙirga daidai, tana zaune da tana tafiya. Idan ba a rubuta wannan ba za a iya yaudaruwa: lokaci ya yi kyau don kawai ta daina ƙirgar a zuci.

Makonni biyu na farko, kada a haɗa komai da komai. Wannan ne matakin da iyalai suka fi tsallakewa saboda ɗoki, kuma shi ne ginshiƙin. Ƙafar da ba ta da ƙarfi tana cin hankali da yawa, to da me za a yi aiki na biyu? Ta riƙa tashi daga kujera tana zama a hankali sau 10, ta huta minti ɗaya, ta sake, har zagaye biyu ko uku. Da farko da taimakon hannu biyu, sannan hannu ɗaya, sannan hannuwa a ƙirji. Saukowar ce ta fi muhimmanci, kada ta faɗa wa kujera tim. Tana riƙe da tebur mai nauyi ko ƙarfen da aka kafe a bango, ta ɗaga diddige ta tsaya kan yatsu sau 10 zuwa 15, sannan ta ɗaga yatsu ta tsaya kan diddige sau 10. Wannan na biyun shi ke ƙarfafa naman gaban ƙauri da ke hana yatsu sharar ƙasa. Ta ɗaga ƙafa gefe sau 10 kowane ɓangare, jiki a miƙe, yatsu na kallon gaba. Idan goma ta zama wasa, a ɗaura nauyin rabin kilo zuwa kilo 1 a idon sawu. Sai tsayuwa: ƙafafu a haɗe, sannan ƙafa ɗaya ta ɗan wuce ɗaya, sannan diddigen ɗaya a gaban yatsun ɗaya kamar a kan igiya, kowanne daƙiƙa 10 zuwa 30. Riƙon ma a hankali ake sake shi, daga hannu biyu zuwa ɗaya, zuwa yatsa ɗaya, zuwa hannu na shawagi a saman tebur. Aikin tunanin kuma ta saba da shi tana zaune.

Matsayinki a lokacin horo yana da ƙa'ida. Ki tsaya a bayanta kaɗan, ta gefen da ya fi rauni. A ɗaura mata ɗamara mai faɗi mai ƙwari a ƙugu, hannunki a ƙarƙashin ɗamarar ta baya, ba ja ba turawa. Kada ki riƙe mata hannu: hannun shi ne abin da za ta miƙa ta ceci kanta, kuma wanda aka riƙe wa hannu jingina yake koya. Idan ta tafi da gaske, kada ki yi kokawar tsayar da ita, ku biyun za ku zube. Ki jawo ta jikinki, ki tanƙwara gwiwa, ta sulale ta kan cinyarki zuwa ƙasa, ki kare kanta. Wurin ya zama fili mai tsawon mita 6 zuwa 10, busasshe, da haske, bango a gefe ɗaya, kujera a kowane ƙarshe. Takalmi mai rufe diddige, mai ƙasa sirara marar santsi. Ban da silifa, ban da safa zalla, ban da tufa mai jan ƙasa.

Daga mako na uku ake fara haɗawa, kuma a tsaye ake farawa. Tana tsaye ƙafafu a haɗe, ta lissafa sunayen dabbobi, ko ta faɗi ranakun mako a juye: Lahadi, Asabar, Juma'a. Idan ta yi daƙiƙa 30 ba tangaɗi ba yankewar magana, a matse tsayuwar ko a tsananta tambayar, ɗaya daga ciki kawai. Wannan doka ce da za ta bi ku har ƙarshe: abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda. Idan kin ƙara biyu ta kasa, ba za ki san wanne ya kayar da ita ba.

Sannan tafiya miƙe a fili tare da aikin tunani. Ayyukan suna da hawa-hawa. Mafi sauƙi shi ne abin da aka haddace, kamar ƙirga gaba, kuma kusan ba ya horar da komai domin baki ne ke yi, kai na hutawa. Sama da shi akwai ƙirga baya ɗaya-ɗaya, sai kawo kalmomin da suka fara da harafi ɗaya, sai ƙirga baya uku-uku, sai riƙe jerin abubuwa biyar da aka faɗa mata ta maimaita a ƙarshen layi. Akwai kuma aikin hana kai, wanda ya fi kama da abin da ke faruwa a hanya: idan kin ce "dama" ta ɗaga hannun hagu, ko ta tafa idan ta ji sunan dabba ta yi shiru idan sunan tsiro ne. Wanda bai saba da lissafi ba kada a matsa masa da ƙirga. Kunya za ta sa ya tsani horon, kuma abin da ake aunawa ya zama iliminsa na lissafi maimakon tafiyarsa. Ba da labarin abin da ya faru jiya daki-daki ya wadatar. Ma'aunin da za ki riƙe: ta riƙa samun kamar bakwai ko takwas cikin goma daidai. Idan goma cif take samu, aikin ya yi arha. Idan rabi take kuskurewa ko ƙafa ta fara harɗewa, a sauko mataki ɗaya. A riƙa sauya tambayoyin kullum, domin jerin dabbobin da aka maimaita kwana huɗu ya koma hadda.

Zuciyar horon ita ce sauya fifiko. A wani bincike da aka buga a 2009 a Amurka, an raba tsofaffi masu matsalar daidaito kashi uku, kowane kashi na horo na minti 45 sau uku a mako har mako huɗu. Kashi ɗaya na atisayen daidaito zalla, na biyu na haɗa aiki biyu da umarnin su ba kowanne hankali daidai, na uku kuma ana sauya musu umarni, wani lokaci ƙafa, wani lokaci tunani. Masu haɗa aiki biyu ne suka inganta a tafiya tare da tunani, kuma kashi na uku suka fi saurin samun ribar, suka kuma riƙe ta har mako 12 bayan an gama. Mutanen ba su da yawa, 23 ne kacal, amma hikimar a fili take, kuma ita ake bi. A aikace ga yadda za ki yi: zuwa na farko ki ce, "Mama, wannan karon ƙafa ce gaba, takunku ya zama daidai, ko ƙirgar ta yi jinkiri ba komai." Dawowa ki ce, "Yanzu ƙirgar ce gaba, ku kawo lambobi da yawa, ƙafa ta bi a hankali." Na uku a ba su daidai. Bayan kowane zuwa ki gaya mata abu ɗaya takamaimai, misali ta kawo lamba tara amma takun hagu ya gajarta. Da haka take gane cewa hankalin nan a hannunta yake, tana iya karkata shi inda ta ga dama.

Daga wajen mako na shida sai a tsananta hanyar kanta. A jera robobin ruwa biyar, tazarar mita ɗaya tsakaninsu, ta riƙa zagaye su. A ajiye abin tsallakewa mai laushi, kamar soso ko kwali marar komai, tsayin santimita 5, daga baya 10 zuwa 15. Kada a sa katako ko igiya ɗaurarriya, abin ya zama wanda zai ture idan ta taɓa shi. Ki lura da ƙafar baya, ita ce ke kamawa, domin ido ya riga ya wuce wurin. A manna layi biyu a ƙasa tazarar santimita 30 ta bi tsakaninsu, a riƙa matsewa. Ta yi tafiya tana juya kai dama da hagu tana faɗin abin da ta gani, ta yi tafiyar gefe, ta sauya sauri idan kin tafa. Kowace sabuwar hanya sai ta iya ta ita kaɗai kafin a ɗora mata tunani. Haka kayan hannu: kofi rabi, kofi cike, faranti da kofi a kai, jaka mai kilo 1 zuwa 2. Kayan da ke buƙatar hannu biyu ko ke tare ganin ƙafa ba na horo ba ne, wani ya ɗauka mata.

Faɗuwarta ta biyu, wadda ta zo wajen waiwaye, tana buƙatar nata darasi. A Kanada an nazarci bidiyon faɗuwa 227 na tsofaffi 130 a gidajen kula da su, aka buga sakamakon a 2013. Abin da ya fi kayar da su, kashi 41 cikin 100, shi ne karkata nauyin jiki ba daidai ba, tuntuɓe kuwa kashi 21. Waiwaye da kaya a hannu irin wannan ne: kai da kafaɗa sun juya, ƙafa na nan a kafe ko ta harɗe da 'yar'uwarta, nauyi ya fita daga tsakanin ƙafafu. Ki horar da ita jeri guda har ya zame mata jiki: an kira, ta tsaya, ta buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, sannan ta juyo da ƙananan taku uku ko huɗu, ƙafa ba ta haye ƙafa. Ki riƙa kiranta daga baya ba zato, sau 8 zuwa 10 a kowane zama, ta dama da ta hagu. Mutanen gida su ma a gaya musu su daina ƙwala mata kira daga baya tana tafiya.

Waya kuwa kashi biyu ce. Magana a waya ana iya horar da ita, ki kira ta daga ɗaya ɗakin tana tafiya a filin horo, wani na tsaye kusa da ita. Amma neman wayar a jaka, duba wanda ya kira, karanta saƙo, duk waɗannan suna ɗauke ido daga hanya, kuma babu horon da ke mayar da su lafiya. A tsaya a yi su. Matakala ma haka: hannu a kan ƙarfe, baki shiru, ko ta kai wata nawa tana horo. Haka tsallaka titi, da wuri mai santsi, da tashin dare.

Batun yawa, zama uku a mako, kowanne minti 40 zuwa 45: biyar na ɗumama jiki, goma sha biyar na ƙarfi, goma na tsayuwa, goma sha biyar na tafiya, da hutu a tsakani. Mai saurin gajiya a raba mata gida biyu, safe da yamma. Aikin haɗawa a yi shi tun tana da kuzari, domin gajiyayyen kai kuskure yake koya. Nazarin da ya tattara gwaje-gwaje da yawa a 2017 ya nuna motsa jiki na rage yawan faɗuwar tsofaffi da kusan kashi 21 cikin 100, amma shirin da ke ƙalubalantar daidaito sosai kuma ya wuce awa uku a mako ya kai kashi 39. Don haka a sauran ranakun a cike da atisayen tsayuwa da tashi-zauna na minti 10 zuwa 15. Kada a yi ƙasa da mako 12, kuma idan an daina ribar na zagwanyewa a hankali. Yawo kaɗai, duk da amfaninsa ga zuciya, ba ya maye gurbin wannan. Ga mai babban haɗari, tafiya da sauri ba tare da horon daidaito ba tana iya ƙara faɗuwa.

Idan ta fi son kiɗa da jama'a, akwai hujja a nan ma. A Suwizalan an gwada tsofaffi 134 da darasin awa ɗaya a mako na tafiya da motsi bisa sautin piyano mai sauyawa, wata shida, aka buga a 2011. Faɗuwa ta ragu da kusan rabi a cikin waɗanda suka yi. Bin sauti mai canza sauri, tsayawa idan ya tsaya, juyawa idan ya sauya, duk haɗa aiki biyu ne, kuma mutum ya fi jure abin da yake jin daɗinsa.

A dakatar da zama nan take idan ta ji ciwon ƙirji, jiri, duhun gani, numfashi ya gagara har ba ta iya magana, ko wani sabon ciwo mai suka a gwiwa ko ƙugu. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Akwai kuma waɗanda ba a yi musu wannan a gida sai a hannun likitan fisiyo: mai cutar Parkinson (cutar da ke sa karkarwa da sandarewar jiki) da ƙafarsa ke maƙalewa a ƙasa, wanda bai daɗe da samun shanyewar ɓarin jiki ko aikin ƙugu ba, mai cutar mantuwa da ta yi nisa har ba ya riƙe umarni, da wanda ba ya iya tafiyar mita 10 sai an riƙe shi. Mai sanda ya yi horon da sandarsa, kuma a tuna ita kanta sandar aiki ce da ke cin hankali, sai a fara masa da tambayoyi masu sauƙi.

Duk mako huɗu ki maimaita gwajin kujerar nan uku, da kujera ɗaya, takalmi ɗaya, lokaci ɗaya na yini, amma da sabuwar lambar farawa. Abin da kike nema shi ne harajin ya sauka alhali lambobin da take samu daidai ba su ragu ba. Idan bayan mako 12 na horo na gaskiya harajin na nan sama da kashi 20, ko yana ƙaruwa, ko kin ga ta fara mance abubuwan da ba ta saba mancewa ba, ku koma wurin likita da takardar awon a hannu ku nemi a gwada ƙwaƙwalwarta, domin a wasu tsofaffi raunin tafiya tare da tunani yakan riga matsalar mantuwa bayyana.